Amsoshin Tambayoyinku: Sola, Littafin Bashi da Rabon Gado

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Daga nan Gombe muke tafe da wasiƙunku, kuma na yau duk sun karkata ne wajen kayan zamani.

Ta farko daga wata uwargida ce a Bajoga. Ta ce maigidanta ya sa musu sola, fanel ɗaya da batir ɗaya, amma da ta jona dutsen guga sai inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, ta yi ƙara ta ɗauke. Ko jabu aka sayar musu?

Hajiya, da wuya ya zama jabu. Kayan raƙumi kika ɗora wa jaki. Ƙwan fitila irin na LED watt 10 yake ci, ko ma ƙasa da haka. Fankar sama wajen 70. Cajin waya bai kai a kawo shi lissafi ba. Shi kuwa dutsen guga daga watt 1,000 yake farawa, haka rishon lantarki, haka hitar dafa ruwa. Duk abin da aikinsa fitar da zafi ne, cin wutarsa ba na wasa ba ne. In batirin naku irin na ruwa ne mai bolt 12 da amp 100, masu sana'ar za su gaya miki kada a zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsa, in ana son ya yi ƙarko. To gugar rabin awa sai ta lashe wutar da za ta riƙe fitilu huɗu daga magariba har asuba. Ki bar wa sola fitila da fanka da caji. Guga kuma a jira wutar NEPA, ko a koma wa dutsen gawayi, ba abin kunya ba ne. Af, kafin in manta: lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar da ke kan fanel ɗin, tana rage masa ƙarfi sosai.

Sai wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kumo. Ɗansa ya matsa masa ya jefar da littafin bashi ya koma manhajar waya, shi kuwa da ajami yake rubutunsa.

Alhaji, riƙe littafinka. Wanda aka rubuta sunansa a gabansa ba ya musu, kuma littafi ba ya mutuwar caji ranar kasuwa. Wayar ta tsaya wajen karɓar kuɗi, wannan kam mun ga ranarta a farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya. Sai dai kada ka saki buhu don an nuna maka alat, duba asusunka tukuna. Yaron kuma ga aikin da ya dace da shi: duk Juma'a ya ɗauki hoton shafukan, saboda gobara ko ruwa.

Ta ƙarshe ta fi ba ni tsoro. Wani ɗalibi daga Dukku ya ce mahaifinsu ya rasu, Allah ya jiƙansa, shi ɗalibin ya sa ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ta lissafa musu gado, yana tambaya ko su yi aiki da abin da ta bayar.

Ɗan'uwa, a'a. Wannan manhaja da ta fito a ƙarshen 2022 gwanar jera magana ce, kuma takan faɗi kuskure da irin muryar da take faɗin gaskiya. Abin da ka gaya mata kaɗai ta sani. Malami ko alƙali zai tambaye ku abin da ba ku yi tunani ba: akwai bashi a kan mamacin? Ya bar wasiyya? Akwai matar da ke da juna biyu? Iyayensa na raye? Amsa ɗaya daga cikin waɗannan tana iya sauya rabon. Ka sa ta ta tsara maka takardar neman aiki, ka karanta ka gyara. Gado kuwa ku tattara magada ku je gaban malami ko kotun shari'a.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.