Filin Santsi: Yadda Ake Koya Wa Direbobi Zamewar Mota a Siwidin

A ƙasar Siwidin, ba a ba ka lasisin tuƙin mota sai ka je filin santsi. Fili ne da aka gyara shi musamman don ya yi sulɓi, ana fesa masa ruwa, da hunturu kuma wani lokaci ƙanƙara ce ta gaske. Kai ne a sitiyari, malami yana gefe yana ba ka umarni. Ya ce taka totur, ka taka. Ya ce birki, ka danna. Motar kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba, ta wuce da kai.

Zamewa iri biyu ce. Ta farko, ka murɗa sitiyari a kwana amma gaban motar ya ƙi bi, ta miƙe sak. Tayoyin gaba ne suka saki hanya. Kada ka ƙara murɗawa, abin zai ƙara lalacewa. Ɗaga ƙafa daga totur, ka sassauta sitiyarin kaɗan har tayoyin su sake kamawa.

Ta biyu ta fi tayar da hankali: bayan motar ne ke fizgewa gefe, yana neman ya riga gaba. Nan idonka ne zai cece ka. Kalli inda kake son zuwa, hannu zai bi ido. Wanda ya kafa wa bishiya ido, bishiyar zai runguma. Baya ya zame dama, juya sitiyari dama, a hankali, kuma ka shirya mayar da shi da zarar motar ta miƙe, don tana iya fizgowa ta ɗaya gefen. In mai kuloci ce, taka kuloci.

Birki fa? Idan motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, danna birkin da ƙarfi ka riƙe. Za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, aikinsa ke nan, kada ka saki. Direbobinmu ma sun san wannan sulɓin, ranar ruwan farko, idan ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta.

Sai dai ga abin mamaki. Norway ta shigar da wannan horo cikin dokar lasisi a 1979, amma wani bincike na 1988 ya gano haɗarin samari a kan hanya mai santsi ƙaruwa ya yi. Sun iya kaɗan, sai suka ɗauka sun gama iyawa, suka ƙara gudu.

Shi ya sa darasin yanzu ya fi karkata ga nuna maka iyakarka. Za a sa ka taka birki a gudun kilomita 40, sannan a 50. Ƙarin 10 kacal, amma nisan da za ka ja kafin ka tsaya ya ƙaru da fiye da rabi. Shingen robar da ka tsaya a gabansa ɗazu, wannan karon sai ka bi ta kansa.