Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Tsohuwar Matoyar Gilashi ta Jamestown

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. 'Yan majalisa da suka rako Sarki. Iyaye da 'yan'uwa. A madadin Hausawa mazauna jihar Virginia, muna yi wa Sarki barka da sauka, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, duwatsun nan da aka killace su ne kufan matoyar gilashi ta farko da Turawan Ingila suka gina a Amurka. An kafa garin Jamestown a 1607, shekara na zagayowa aka turo Jamusawa da 'yan Poland domin wannan sana'a. Itace ne ya kawo su. Narka gilashi yana cin itace ba kaɗan ba, dazuzzukan Ingila sun soma ƙarewa, nan kuwa ga daji ga yashi a bakin kogi. Har sun aika samfur gida, sai yunwar hunturun 1609 zuwa 1610 ta hallaka mafi yawan mutanen garin, wutar matoya ta mutu. A 1621 aka kawo Italiyawa, su ma abin bai ɗore ba. Sai a 1739 wani Bajamushe, Caspar Wistar, ya kafa masana'antar da ta zauna da gindinta a New Jersey.

In an jima Sarki zai ga yadda ake ɗibo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, a busa, a juya, har kwalba ta fito. A nan ne masu tara tsofaffin kwalabe suke koyon gane na hannu: ƙananan kumfa a jiki, wuya ɗan karkatacce, tabo a gindi inda aka ɓalle sandar riƙo. Korensu kuwa ba rini ba ne, sinadarin ƙarfen da ke cikin yashi ne.

Kokenmu guda ne, ranka ya daɗe. Sana'ar da ta mutu a nan sau biyu ce ake ta alkintawa haka, mu kuwa a gida, Masagan Bida, masu sana'ar gilashi a ƙasar Nupe, har yau suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro, irin waɗanda ke cikin adakokin kakanninmu mata. Muna roƙon Sarki ya sa baki a keɓe ɗaki a fada a tara su, a rubuta sunan gidan da kowane ya fito, kafin dillalai su kwashe.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mai da shi gida lafiya. Bismillah, Sarki ya ƙaraso.