Lacca: Idan Malaman Jami'a Suka Mayar da Rayuwarsu Abin Nazari

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗaliban digiri na biyu da na uku, barkanmu da war haka.

Tun ajin farko an koya mana cewa mai bincike gefe yake tsayawa: ya raba takardar tambayoyi, ya ƙirga amsoshi, kada ya kuskura ya sa kansa ciki. To, hanyar da zan yi magana a kai yau ta saɓa wa wannan. Malamai uku ko biyar ne za su haɗu, abin da ya same su a rayuwa ya zama shi ne abin nazarin.

A Jami'ar Eastern da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wasu malamai mata uku sun gwada haka: Heewon Chang daga Koriya ta Kudu, Faith Ngunjiri daga Kenya, da Kathy-Ann Hernandez daga Trinidad. Dukkansu baƙi ne a ƙasar, kuma babu Baturiya a cikinsu. Kowacce ta rubuta yadda aikin koyarwa yake mata, su karanta wa juna, su yi wa juna tambayoyi, a koma a sake rubutu, sannan su zauna tare su tace abin da ya haɗa labaran da abin da ya raba su. A 2013 suka fitar da littafi kan wannan hanya.

Kafin su, a farkon shekarun 1980, masaniyar ilimin zamantakewa Frigga Haug da ƙawayenta a Jamus ta Yamma sun shimfiɗa wata ƙa'ida da nake so ku riƙe. Mace za ta rubuta abu guda da ta tuna, dalla-dalla, amma ba za ta ce "na yi" ba, sai "ta yi", kamar labarin wata take bayarwa. Ba kare kai, ba neman uzuri. Sai sauran su bi rubutun su ce: nan kin tsallake wani abu, nan maganarki ta ci karo da ta sama, wa ke cikin ɗakin a lokacin?

A wurina, wannan tambayar ita ce binciken. Kowa ya iya ba da labarin kansa, kuma ƙwaƙwalwa takan gyara wa mai ita labari ba tare da ya sani ba. Abokin aikin da ya tsare ka da tambaya shi ke raba wannan aiki da hirar majalisa.

Nan ne kuma nake jin tsoro idan mu za mu yi. A tarbiyyarmu, ƙaramin malami zai iya duban farfesa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba"? Da wuya. Idan aka haɗa su rukuni guda, labarin babba ne zai danne saura, a buga shi da sunan kowa. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da tsararraki.

Sai maganar amana. Labarinki, malama, akwai maigidanki a ciki, akwai shugaban sashenku, kuma babu wanda ya nemi izininsu. Sauya suna ba ya wadatarwa a sashen da kowa ya san kowa. Saboda haka kafin zaman farko, a rubuta yarjejeniya: abin da ba zai fita daga ɗakin ba, wa zai ga rubutun kafin a buga, da kuma 'yancin kowa ya janye labarinsa ko da an kusa kai wa mujalla.

Nan zan dakata, shugaba, a kawo tambayoyi.