Yaron da aka ce ba shi da kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, da 'ya'yanmu da ke can baya suna latsa waya, barkanmu da haɗuwa. Na gode wa kwamiti da ya ba ni wannan dama. Wasu daga Luton suka taso, wasu daga Birmingham, ga sanyi, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Magana ce a kan wata kalma da ke fita daga bakinmu a gida ba mu ɗauke ta komai ba. "Wannan ba shi da kai." "Waccan ta ɗauko ƙwaƙwalwar ubanta." "Mu gidanmu ba a iya lissafi." A gaban yaron ake faɗa, wani lokaci ana dariya, baƙi na zaune. Yaro kuwa yana ji, kuma ya fi yarda da maganar uwarsa da ubansa fiye da ta kowa a duniya.

A can gida wannan magana tana ɓata wa yaro rai ne, ya girma ya kama kasuwa ko sana'a, rayuwa ta ci gaba. A nan Ingila abin ya fi haka, domin makaranta tana mayar da ita takarda. Yawancin makarantun sakandare suna raba yara rukuni-rukuni a darasin lissafi, tun suna shekara 11 ko 12, na sama, na tsakiya, na ƙasa. Idan aka zo GCSE, jarrabawar da yara ke yi suna wajen shekara 16, lissafi takarda iri biyu ce, Foundation mai sauƙi da Higher mai zurfi. Maki yana tashi daga 1 zuwa 9, amma wanda aka sa wa Foundation, ko ya cinye tambayoyin duka, ba zai wuce 5 ba. An riga an rufe. Kuma makarantu da yawa ba sa barin yaro ya yi lissafi a matakin A-level, wato karatun shekara biyu kafin jami'a, sai yana da 6 ko 7. To kai da kake cewa ɗanka likita zai zama ko injiniya, ka san wace takarda aka rubuta masa? Da yawanmu ba mu sani ba sai ranar da sakamako ya fito a watan Agusta, lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Shi kuwa yaron da aka ajiye a rukunin ƙasa ba zai nemi a ɗaga shi ba idan a gida ma an gaya masa nan ne matsayinsa.

Akwai wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Carol Dweck, da ta daɗe tana bin diddigin wannan. A 1998 ita da abokiyar aikinta Claudia Mueller suka ba yara 'yan shekara 10 zuwa 12 tambayoyi masu sauƙi. Da suka gama, wasu aka yabe su da cewa lallai suna da basira, wasu kuma aka yabe su da cewa lallai sun dage. Bambancin kenan, jimla ɗaya. Sai aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai yi gaba. Yawancin waɗanda aka ce suna da basira suka zaɓi mai sauƙi, don kada su faɗi sunan ya zube. Waɗanda aka yaba wa dagewa kusan duka suka zaɓi wanda za su koyi sabon abu. Bayan an ba su duka tambayoyi masu wuya sun sha kaye, aka dawo da su kan masu sauƙi: na farkon suka kasa yin ko abin da suka yi da farko, na biyun suka ƙara gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka ce su rubuta wa wasu yara makin da suka ci, kusan kashi 40 cikin 100 na masu "basirar" ƙarya suka yi, suka ƙara wa kansu.

Kun ga ke nan ba wanda ake ce wa daƙiƙi kaɗai muke cutarwa ba. Har wanda muke fito da shi gaban baƙi muna cewa "ai wannan ko littafi ba ya buɗewa yake zuwa na ɗaya." Ranar da karatu ya yi masa tsauri, kuma ranar tana nan tafe, ko a A-level ko a jami'a, zai ɓoye muku. Ba zai ce bai gane ba, domin a ganinsa mai kai ba ya tambaya.

Wani zai ce ai baiwa daga Allah take. Haka ne, kuma babu mai musun cewa wani ya fi wani saurin ɗauka. Amma Allah da kansa ya ce a Suratun Nahli, aya ta 78, ya fitar da mu daga cikin uwayenmu ba mu san komai ba, sannan ya ba mu ji da gani da zukata. Kuma mu da muka fito daga ƙasar tsangaya bai kamata a zo daga Amurka a koya mana wannan ba. Kolo yana farawa da babbaƙu da farfaru, ya rubuta allo, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Ya zama titibiri, ya zama gardi, ya yi sauka, ya koma farko ya yi ta tilawa cikin dare a gaban wuta, shekara da shekaru, kafin a kira shi alaramma, kafin ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Fatiha har Nasi. Babu malamin tsangayar da ke duban kolo a makonsa na farko ya ce wannan ba zai yi hadda ba. Amma sai mu dubi yarinya 'yar shekara 9 da ta kasa rabawa a lissafi mu yanke mata hukuncin rayuwa.

Ko a wannan birni akwai shaida. Direbobin baƙar tasi ta Landan ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna kimanin 25,000, abin da ke cin shekara uku zuwa huɗu. Eleanor Maguire ta University College London ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, ta tarar wani sashe da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Aka ce wataƙila da shi aka haife su. Sai ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farawarsu. A sakamakon da suka fitar a 2011, mutum 39 da suka ci jarrabawar, sashen ya ƙaru a kansu, waɗanda ba su ci ba kuwa bai ƙaru ba. Kuma waɗannan ba yara ba ne, magidanta ne irinmu. Saboda haka Hajiya, ke da kika ce kanki ya tsufa ba za ki sake zaman jarrabawar Turanci ta ma'aikatan jinya ba, da kai Alhaji da ka haƙura da lasisin tuƙi don an kayar da kai, ku sani kusan rabin masu gwajin tuƙi a ƙasar nan faɗuwa suke yi, har da waɗanda aka haifa a nan.

Sai dai kada a fita daga ɗakin nan a ce na ce da an ce wa yaro "dage" shi kenan. A wani bincike da aka fitar a 2019, an gwada koya wa ɗalibai sama da 12,000 a makarantu 65 na Amurka cewa basira tana ƙaruwa da dagewa. Ya yi amfani, musamman ga masu rauni a karatu, amma ƙarin ɗan kaɗan ne, ba abin a buga ganga ba. Yaron da ke maimaita hanyar da ba ta ɓullewa, ko ya kwana yana yi ba zai gane ba. Yana bukatar wanda zai zauna da shi ya ga daidai inda ya ɓace, ya nuna masa wata hanyar. Tsawa ba ta yin wannan, kwatanta shi da ɗan maƙwabta ma ba ta yi.

Ga abin da nake roƙo. Ranar da makaranta ta kira iyaye ganawa da malamai, a je, uba da uwa in da hali, ko da za a musanya aikin dare. Kada a tsaya a "yana da ladabi?" A tambayi malamin: wane rukuni yake, wace takarda za a rubuta masa, me zai yi a ɗaga shi, kuma yaushe za a sake dubawa? Ana canja wa yaro rukuni, ana canja masa takarda kafin a rufe rajista, amma galibi sai an ga akwai mai bibiya. Wanda Turanci ke ba shi wuya ya faɗa mana, a haɗa shi da wanda zai raka shi, ba abin kunya ba ne.

Sannan a cikinmu nan akwai likitoci, akwai injiniyoyi, akwai ɗaliban digiri na uku da suka zo daga Kano da Zariya da Yamai. Ina ba kwamiti shawara a ware awa biyu ranar Asabar bayan Islamiyya, a riƙa zama da yaranmu kan lissafi da Turanci, a fara da waɗanda GCSE ke gabansu bana. Ranka ya daɗe shugaba, in an amince, sakatare na da takarda a bakin ƙofa. Mai iya koyarwa ya rubuta sunansa da darasin da zai ɗauka, iyaye kuma su rubuta ajin da yaransu suke, don mu san ɗaki nawa za mu nema.

Na gode. Wassalamu alaikum.