Amsoshin Tambayoyinku: Ina za a kai yara wasa a zafin hamada?

To jama'a barkanmu da warhaka. Saƙon farko na yau daga wata uwa ne mai 'ya'ya uku, tace aiki ya kai maigidanta wani gari a yankin hamada sun tare can, yaran sun gaji da zaman ɗaki kullum daga waya sai talabijin, akwai wurin shaƙatawa kusa dasu amma zafin take tsoro, wai ya zata yi?

'Yar uwa ki fitar dasu don Allah, yaro ba ya rayuwa babu guje-guje, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa tayi ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 yana motsa jiki kullum. Lokacin fitar ne zaki gyara. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi ƙuna, ku bar mata filin, ku fita da sanyin safiya ko la'asar sakaliya. Wurin ma ki duba, wanda yake da bishiyoyi ko rumfa a saman kayan wasan da famfo kusa ya fi wanda aka ƙawata amma yana tsakiyar rana tsirara.

In kun isa, kafin kowa ya hau lilo ko abin sulun nan, ki ɗora bayan hannunki a kai ki ƙirga biyar, in kin kasa jurewa to fatar yaro ta fi taki laushi, kuma ƙarfe da baƙar roba suna riƙe zafi ko rana ta yi sanyi. Na taɓa ganin wata 'yar shekara uku ta tuɓe takalmi ta ruga kan yashi, taku huɗu tayi ta tsaya cak tana ɗaga ƙafa tana ihu ta rasa gaba zata yi ko baya, har yau abin yana raina. Yashin hamada da tsakar rana yana haura digiri 60, takalmi a ƙafa dole ne.

Sai ruwa. Iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa tun kafin ki ganshi, sai ki zaci lafiya lau alhali jikin yaro na ta zubar da ruwa, to kar ki jira sai yace ƙishi, duk kamar minti 20 ki kira su kowa ya kurɓa. Jaririn da bai kai wata 6 ba shi kam inuwa da nono akai-akai, ba a bashi ruwa. In kuma kinga yaro ya yi laushi, yana amai ko ciwon kai, ko ya fara magana ba kan gado, maza a kaishi inuwa a jiƙa masa jiki ana fifita a wuce asibiti. Kuma ko minti biyar kar a bar yaro cikin mota a kulle.

Wani uba kuma ya rubuto yana so ya kai nasa su kwana a tanti kan tudun yashi, yace ko akwai matsala?

Malam madalla da wannan tunani, yaran da suka gangara tudun yashi da yamma sannan suka kwanta suna kallon taurari inda babu hasken lantarki ba zasu manta ba. Amma ka tafi da bargo da rigar sanyi, hamada bata riƙe zafi da dare, sanyin asuba sai ya baka mamaki. Da safe a kakkaɓe takalma kafin a sa saboda kunama, kuma a hana yara cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami. Kar ka kafa tanti a busasshen kwari ko da ya fi daɗin kwanciya, ruwan da aka yi can nesa baka ma ga hadarin ba zai iya gangarowa cikin dare lokaci guda. Kafin ku tashi ka faɗa wa wani inda zaku da lokacin da zaku dawo, don ba ko'ina ake samun sabis ba.