Fim na tashe, ɗan wasa na bin bashin haya: ina kuɗin ke maƙalewa a Hollywood?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Wannan yarinyar da kuke gani, Tilly Norwood, ba mutum ba ce, AI ne, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ya ƙera ta, kuma tunda ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta fito ta yi tir da ita a watan Satumban 2025 tsohuwar gardama ta dawo sabuwa, wai su waɗannan mutanen me suke nema ne a duniya? Mutum yana da gida kamar fadar sarki, yana hawa jirgin kansa, amma ka gan shi a titi da kwali a hannu yana ihu wai an zalunce shi. Wasu ma cewa suke gara AI ɗin ya kore su kowa ya huta.

Toh ku ɗan dakata. Akwai wani mataki guda ɗaya a yadda ake biyan 'yan fim a can wanda idan ba ka gane shi ba, duk sauran labarin zai zo maka a birkice.

Bari mu yi sauri da abinda kowa ya sani. 2 ga Mayu 2023 marubutan fim na Amurka kusan 11,500 suka ajiye biro suka shiga yajin aiki. 14 ga Yuli 'yan wasa suka bi sahu, ƙungiyarsu SAG-AFTRA tana da mambobi wajen 160,000. Marubuta suka yi kwana 148, 'yan wasa suka yi 118. Ku kalli nan, Landan ce, wajen bikin fara nuna Oppenheimer, taurarin sun zo sun ɗau hoto da jan kafet da komai, ana cewa an shiga yajin aiki suka fice tun kafin a kunna fim ɗin.

Cikin mutum 160,000 ɗin nan, nawa ka sani da suna? Ashirin? Hamsin in ka cika ɗan kallo. Sauran su ne likitan da ya shigo ya faɗi magana biyu ya fita, da mai gadin da aka harbe a minti na uku, da matar da ke tura keken jariri can baya. A lokacin, sai ka samu dala 26,470 a shekara daga aikin wasa kafin ka cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, kuma ƙungiyar ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na mambobinta ba sa kaiwa nan. A Amurka fa, inda kwana ɗaya a asibiti ke iya cinye abinda ka tara a shekara. Dwayne Johnson da ire-irensa ba don kansu suke yi ba, shi kam ma gudummawa mai tsoka ya bayar ga asusun tallafa wa waɗanda yajin aikin ya bari ba cefane.

Yanzu ga matakin. Ku gyara zama.

Yawancinmu muna ɗauka ɗan wasa ana biyansa sau ɗaya ne, ka yi aiki an sallame ka shikenan, ko kuma muna ɗauka duk lokacin da muka danna fim a Netflix wani ɗan sulalla yana faɗawa aljihunsa. Duka biyun ba haka ba ne. Tsarin da suka gina rayuwarsu a kai shi ne kuɗin maimaici. An biya ka na ranar aiki, wannan daban. Amma duk lokacin da kamfani ya sake cin kuɗi da wannan aikin, tashar ta maimaita shi, ko an sayar wa wata tasha, ko an sayar wa Jamus da Brazil, ko an buga shi a faifai, to akwai ɗan kasonka da za a turo maka da cek har gida. Kamar a ba ka kiwon akuya ne da sharaɗin duk haihuwar da ta yi kana da rabo. Kuma wannan kuɗin ba na shan shayi ba ne, shi ke riƙe mutum a watannin da waya ba ta ƙara, don sana'ar haka take, ka yi aiki sati uku ka zauna wata biyar kana zuwa gwaji ana ce maka za mu kira ka.

Ba kyauta kamfanoni suka bayar ba. A 1960 marubuta da 'yan wasa suka yi yajin aiki tare saboda kamfanoni sun fara sayar wa talabijin finafinan silima suna cinye kuɗin su kaɗai, daga nan aka samo kason finafinan da ake nunawa a talabijin da fansho da inshorar lafiya. Kun san wa ke shugabantar ƙungiyar 'yan wasa a lokacin? Ga shi nan da gashinsa a kwance luf. Ronald Reagan. Eh, shi dai wanda da ya zama shugaban ƙasa ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a 1981 saboda sun yi yajin aiki. Duniya kenan, mai yayi.

Ku lura da abinda duk tsarin ya jingina a kai: sai an sake sayarwa. Akwai mai saye, akwai mai sayarwa, akwai farashi a rubuce, sai a cire kaso. Shiri ya yi farin jini, tashoshi su yi ta rububinsa, farashi ya hau, kasonka ya hau. Shiri ya faɗi, ba mai saye, kai ma ba ka samu. Kowa ya yarda da wannan, an ci tare an yi asara tare.

To Netflix ya shirya fim da kuɗinsa, ya ajiye a manhajarsa, a ƙasashe sama da 190 a rana ɗaya. Wa zai sayar wa? Babu. Ba maimaici tunda ba jadawali, kai ne ke danna abinka ƙarfe biyun dare. Ba cinikin ƙasashen waje tunda shi ne ƙasashen wajen. Ba faifai. Kuɗin wata da kake biya ba na wannan fim ɗin ba ne, na rumbun ne gaba ɗaya. Sai aka koma biyan wani tsayayyen adadi a shekara, ana lissafa shi da yawan masu rajista a manhajar da tsawon shirin, kuma yana raguwa duk shekara. Ba ruwansa da mutum nawa suka kalla. Na sake faɗa don nan ne wajen: kafin yajin aikin 2023, shirin da duniya ta haukace a kansa da shirin da ko uwar darakta ba ta ƙarasa ba, in tsawonsu ɗaya a manhaja ɗaya, cek ɗinsu ɗaya.

Kuma ko ka ce za ka yi gardama, da me? A lokacin adadin masu kallon a hannun kamfanin yake, a kulle. Talabijin ta da akwai masu auna ta a buga a jarida kowa ya gani. Nan kuwa wanda ya rubuta shirin da hannunsa bai san ko mutum dubu ne suka kalla ko miliyan hamsin ba, sai dai ya ga ana ta sa rigar jarumin a titi ya yi hasashe.

Ga misali ɗaya da ya tayar da ƙura a daidai lokacin. Suits, shirin lauyoyin nan da Meghan Markle ta fito kafin ta auri Yarima Harry, an gama shi tun 2019, ya shiga Netflix a Amurka a 2023 ana tsaka da yajin aiki, Nielsen, masu auna yawan kallo a Amurka, ta ƙirga masa minti sama da biliyan 57 a shekarar, ya fi kowane shiri. Shi tunda hayarsa aka ɗauko daga wani kamfani, waɗanda suka yi shi ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin hayar suke rabawa, kuɗin da aka riga aka yanke tun kafin a san zai fashe haka. Biliyan 57 ko biliyan ɗaya, su dai abin bai motsa ba.

Ƙara da cewa da zango ɗaya efisod 22 ne, aikin kusan shekara, yanzu 8 ne ko 10, a tara marubuta 'yan kaɗan na 'yan makonni a tatse su a sallame su kafin ma a kunna kyamara.

Wani zai ce ai sabuwar fasaha ce, kamfanonin ma asara suke. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, Disney+ ya ƙona biliyoyin daloli kafin ya fara ganin riba. Amma wannan waƙar tsohuwa ce. A shekarun 1980 da kaset ɗin bidiyo ya fito, kamfanoni suka ce buga kaset akwai tsada, a yi haƙuri a lissafa kason a kan kashi 20 cikin 100 na cinikin kawai. Aka yi haƙuri. DVD ya zo, buga shi ya yi arha kamar banza, kuɗi ya yi ta kwarara, lissafin bai canza ba, marubuci na samun wajen sent 4 a faifai ɗaya, dala ɗaya kuma sent 100 ce. Abinda ya kai su yajin aikin kwana 100 kenan daga ƙarshen 2007 zuwa Fabrairun 2008, haɗe da maganar intanet. Ni a ganina duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, in ya sake yarda da "bari mu ga yadda kasuwar za ta kaya" to laifinsa ne.

Hotuna sun ɗan ƙare min a nan, don haka ku yi ta kallon wannan bishiyar. Gefen kamfanin Universal ne a Los Angeles, Yulin 2023, rana kamar ta dafa ƙwai, masu zanga-zanga na fakewa a inuwar bishiyoyin nan, aka wayi gari an aske su tas. Kamfanin ya ce ba da gangan ba ne, aikin kowace shekara ne. Hukumar birnin ta ci su tara don ba su nemi izini ba. Dala 250. Wallahi ko kuɗin ruwan roba na taro ɗaya bai kai ba.

A makon da 'yan wasa suka fita, Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, ya shiga talabijin daga Sun Valley, wajen taron attajirai, ya ce buƙatun ma'aikatan ba su dace da zahiri ba. David Zaslav shugaban Warner Bros. Discovery kuwa ladan aikin da aka rubuta masa a 2021 ya kai dala miliyan 246, yawanci a hannun jari. Marubuta 11,500 gaba ɗayansu ƙarin da suka nema dala miliyan 429 ne a shekara. Ku yi lissafin da kanku, ni ban ce komai ba.

Me aka samu? Ƙarin albashi, mafi ƙarancin adadin marubutan da dole a ɗauka, da ƙa'idar cewa ba za a kira AI marubuci ba kuma ba za a tilasta wa marubuci amfani da shi ba, sannan sai da izininka da biyanka kafin a kwafi fuskarka ko muryarka. A kan matakin namu kuma, an buɗe ƙofa amma ƙyas: in shirin da aka yi don manhaja ya samu kallon kashi 20 cikin 100 na masu rajista a Amurka cikin kwana 90 na farko, akwai ƙarin kuɗi. Kashi 20 fa, shirye-shirye ƙalilan ne ke hawa wannan dutsen, kuma irin su Suits ba sa ciki. Amma karon farko kenan da aka ɗaura biya da yawan kallo a manhaja, kuma kamfanoni sun yarda su nuna wa ƙungiyar marubuta alƙaluman a asirce. Disambar 2023 Netflix ya fara fitar da rahoton awannin kallo a fili, abinda shekara da shekaru yake cewa sirrin kasuwanci ne.

Kada in yi muku daɗin baki, bayan yajin aikin aiki ya ragu sosai a Los Angeles, kamfanoni sun rage shirye-shirye sun ƙara kai ɗauka Ingila da Kanada da Hungary, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne masu fitila da kafintoci da direbobi da masu kwalliya, da ba su ne suka kira yajin ba. Trump ya zo da nasa maganin, Janairun 2025 ya naɗa Jon Voight da Mel Gibson da Sylvester Stallone wai jakadunsa na musamman a Hollywood, Mayu kuma ya ce zai sa harajin kashi 100 kan finafinan da aka yi a waje. Yadda za a caji fim a kwastan kamar buhun shinkafa, Allah masani. Ko da an dawo da duk ɗaukar fim gida, tambayar wa ke cin ribar kallo na miliyan goma tana nan inda take, haraji bai taɓa ta ba.

Kuma mu ma nan ba baƙin zancen ba ne. Kun tuna Fabrairun 2022 da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar ake ba ta a fim, gari ya ɗauka, wasu furodusoshi suka fito suka musanta? An yi ta faɗa a kan nawa aka ba ta ranar ɗauka. Ban ji an tsaya sosai a kan ɗayan ɓangaren ba, fim mai dogon zango yana YouTube shekara uku yana tara talla, adadin masu kallo ma a fili yake ƙarƙashin bidiyon kowa na gani, dattijuwar da ta fito a uwar jarumi akwai wani abu da ke sake zuwa mata?

Yarjejeniyar 2023 an ƙulla ta ne ta kusan shekara uku, aka sa wa'adin ta marubuta 1 ga Mayu 2026, ta 'yan wasa 30 ga Yuni 2026. Bidiyo na gaba za mu shiga maganar kwafar fuska, yadda ake saka mutum cikin wani keji mai kyamarori zagaye da shi a ɗauke shi ta ko'ina, da dokokin da Kalifoniya ta sa wa hannu a Satumban 2024 a kan haka. Ku danna ƙararrawar nan, sai mun haɗu.