Shugaban Kamfani Ba Ya Neman Koci a Talla

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da haƙurin zama. Na baya, in ba ku ji na sosai ku ɗaga hannu.

An ce in yi magana kan yadda mai sana'ar koci, wato mai horar da mutum kan shugabanci, zai jawo manyan shugabanni, irin su manajan darakta da shugabannin sassa, su zo su zauna gabansa. Amsata ba za ta yi wa masu son talla daɗi ba. Mutumin da ke riƙe da kamfani ba ya buɗe waya yana laluben wanda zai gyara masa shugabanci. Wani da yake jin nauyinsa ne zai ce masa, ga wane nan, ka je ka gan shi.

A 2001 aka ɗauko Eric Schmidt ya shugabanci Google. John Doerr, mai zuba jari da ke cikin kwamitin daraktocin kamfanin, shi ya ba shi shawara ya nemi koci. Schmidt da bakinsa ya sha faɗa cewa da farko abin bai kwanta masa ba, domin ya riga ya shugabanci kamfanin Novell, kuma bai ga laifin da yake yi ba. Wanda aka haɗa shi da shi shi ne Bill Campbell, tsohon kocin ƙwallon Amurka a Jami'ar Columbia, wanda ya taɓa shugabantar kamfanin Intuit, kuma aminin Steve Jobs. Campbell ya rasu a 2016, kuma daga bakin wannan zuwa kunnen wancan sunansa ya zagaye manyan kamfanonin fasaha.

Ku lura da ɓacin ran Schmidt, domin za ku ci karo da shi kullum. Babban mutum yana jin "koci" sai ya ji kamar an ce masa ya gaza. Kai ba za ka iya cire masa wannan ba, tunda bai san ka ba. Sai wanda ya yarda da shi. Da ɗan gari akan ci gari. To su wane ne 'yan garin? Shugaban kwamitin daraktoci, masu zuba jari, kamfanonin da ke nemo wa ma'aikatu manyan jami'ai, da uwa uba shugaban sashen kula da ma'aikata, wanda galibi shi ke riƙe da kasafin horarwa. Sau da yawa wanda zai biya ka daban, wanda za ka horar daban.

Takardar shaida fa? Ku neme ta. Ƙungiyar masu sana'ar koci ta duniya, ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a 1995, tana da matakai uku: ACC na buƙatar awa 100 na aikin koci, PCC awa 500, MCC awa 2,500. Sashen ma'aikata zai tambaye ka ita kafin ya sa sunanka a jerinsa. Shi kuwa manajan darakta da wuya ya ɗaga ido ya dube ta.

Abin da zai duba shi ne zaman farko. Kamfanoni da yawa kan sa shi ya gana da koci biyu ko uku ya zaɓi ɗaya. Ka shiga ofishinsa, wayarsa na kife a kan tebur tana ta rawa, sakatare ya riga ya gaya maka minti talatin ne. A nan sabon koci ke buɗe kwamfuta ya fara karanto tarihin kansa, shi ke nan ya rasa aikin. Kai ka karanta rahoton shekara na kamfanin tun a gida. Ka ce, "Ranka ya daɗe, na ga kun haɗe sassa biyu bara. Wace magana ce har yanzu ba a iya faɗa maka ido da ido?" Sannan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, kada ka cike shi. Mutumin nan kowa a ginin ko dai yana tsoronsa ko yana son wani abu a hannunsa, ya daɗe bai samu wanda zai tambaye shi haka ba.

Kuma don Allah ku daina cewa "ina taimaka wa mutane su cimma burinsu". Wa zai iya kai wannan gaba? Ka ce, "Ina aiki da waɗanda aka ɗaga daga shugabancin sashe zuwa shugabancin kamfani, a watanninsu na farko." Wannan jimla ce da wani zai tuna a wurin taro in an ambaci irin matsalar. Ita za ka sa a shafinka na LinkedIn ma.

Sai sirri, kuma nan wahalar sana'ar take: aikinka mafi kyau ba za ka iya tallata shi ba. Tun farko ku zauna ku uku, kai da shi da mai biya, a rubuta abin da za a kai wa kamfani da abin da zai tsaya a ɗaki. Burin da aka sa gaba ana iya kai rahotonsa. Abin da ya faɗa maka game da mataimakinsa, a'a. Ranar da ka ambaci sunan wani shugaba don ka burge wani, wanda ke sauraronka ya gama lissafin cewa gobe nasa sunan za ka ambata.

Za ku ce to yaya za a san ka iya? Marshall Goldsmith, wani kocin manyan shugabanni, ya shahara da barin abokan aikin shugaban su yanke hukunci ko ya canza, har yakan jingina biyansa da sakamakon. Aunawar ku ɗauka. Jinkirta kuɗin kuwa, wanda ba shi da ajiya kada ya gwada.

In aiki ya zo ƙarshe kuma ya gamsu, kada kunya ta hana ka cewa, "Yallaɓai, in akwai wani a sa'o'inka da ke cikin irin halin da muka fara, ina so ka haɗa mu." Shi zai kira shi da kansa, kai ba ka buɗe bakinka kan komai ba.

Na ga hannu a can gefe. Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirufo.